Albashin da Ke Zuwa da Ƙafarsa

Shekara huɗu Sualihu ya yi yana manajan ɗakin maganin dabbobi a Bawku bai san nawa ne albashinsa ba. Ba ɓoyewa yake yi don tsoron 'yan bani-bani ba, wallahi shi kansa bai sani ba. In ka tare shi a bakin masallaci ka ce, "Manaja, nawa Dokta ke ba ka a wata?" sai ya ture hula ya sosa ƙeya, ya ce, "To, wancan watan dai zabi tara ne da ɗan akuya, amma zabi huɗu sun tashi." Mutane su yi ta dariya suna cewa mutumin nan akwai zolaya. Shi kuwa iyakar gaskiyarsa ke nan, kuma abin yana cin ransa. Burinsa a duniya bai wuce ya sami adadi guda ɗaya da zai riƙa faɗa kamar kowane ma'aikaci ba.

Da can ya taɓa samun hakan. Haifaffen zangon Salaga ne, ubansa ɗan fataucin goro, uwarsa 'yar Gwanja. Da ya gama makarantar midil aka ɗauke shi mai tsaron sito a ofishin dabbobi na gwamnati. Aikin bai wuce jera kwalabe da share ƙura ba, amma ƙarshen wata akwai layi, akwai sa hannu, akwai ambulan. Kuɗin ba ya kai kwana goma, to amma yana da suna, yana da rana. Da wannan ambulan ya auri Atikatu mai koko, suka haifi 'yarsu Asana. A 1987 aka yi rage ma'aikata, sunansa ya fito a takarda. Ya kwashi iyali ya koma Yendi, ya zauna a kantin maganin wani ɗan'uwansa yana ƙirga ƙwayoyi a cokali, rabonsa abincin rana da na sabulu.

A nan Dokta Abdulai ya same shi. Dokta Badagombe ne, ƙato mai fara'a, ya yi shekara talatin yana yi wa shanun gwamnati allura, ya yi ritaya, ya ce shi ba zai zauna gida yana korar ƙuda ba. Zai buɗe nasa wurin a Bawku, inda shanu ke shigowa daga Burkina da Togo kowace kasuwa, kuma yana neman wanda ya san magani, ya iya rubutu, ba ya da dogon hannu.

Sualihu ya ce, "Massa," wato maigida, "nawa ne albashin?"

Dokta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ji tsarin, mai sauƙi ne. Abin da ya zo a aljihu nawa ne, da shi zan sayo magani in biya haya. Abin da ya zo da ƙafarsa naka ne."

"Ƙwai fa, Massa? Ƙwai ba ya da ƙafa."

Dokta ya yi tunani sosai, sannan ya ce, "Zai yi ƙafa nan gaba. Naka ne."

"Nono fa?"

"Nono mu sha tare."

Ka ji yarjejeniyar da aka ƙulla aikin shekara da shekaru a kanta, ba takarda, ba shaida, sai mai kantin da ke ta dariya a bayan kanta. Sualihu ya koma gida ya yi wa Atikatu bayani har sau uku. Ta saurara, ta ce, "Baban Asana, ni dai ban gane ba. Aiki aka ɗauke ka ko kiwo?" Ya ce shi ma bai gama ganewa ba, amma an ce masa manaja ne.

Manaja ɗin kuwa an rubuta shi da farin fenti a jikin ƙofa. Sai dai in ka leƙa ɗakin, waɗanda yake shugabanta su ne kansa da firjin kananzir guda ɗaya. Shi ke buɗewa da safe, shi ke sanin wane magani ya kusa ƙarewa a aika Tamale, shi ke tuna wa Dokta wane ƙauye ake jiransa yau, shi ke danne akuya in za a yi mata allura. Babban aikinsa dai firjin nan, domin allurar rigakafi in ta ji zafi ta mutu, ko da kwalbar tana nan fes. Ya fi sanin lagwanin firjin nan a kan yadda ya san tarin 'yarsa. Ranar da kananzir ya yanke a gari, na fitilar gidansa yake juyewa ya kawo, Atikatu tana bin sa da harara har ƙofa.

Manoman ƙabilar Kusasi da makiyaya kuwa ba kullum suke da kuɗi a hannu ba, saboda haka albashin Sualihu ya riƙa shigowa gida yana kuka. Wani watan tsakar gida ta cika da zabi har maƙwabta su yi ƙara. Wani watan ko kyankyaso bai shigo ba. Akwai tunkiyar da aka biya shi da ita ran Talata, ta mutu ran Laraba, ya tsaya a kanta yana tambayar kansa shin an biya shi ne ko ba a biya shi ba. Maƙwabcinsa Tica Yusif, malamin firamare, yakan ce masa, "Kai ka huta, Manaja. Mu albashinmu kafin ya zo darajar sidi ta faɗi, naka kuwa yana cin ciyawa yana ƙiba. Ka fi mu." Ya shiga gida da wannan magana yana jin kansa mai arziki, Atikatu ta nuna masa jinkar ɗaki da ke yoyo tun zuwansu ta ce, "Mai arzikin ne ke kwana da kwanoni uku suna tarar ruwa?" Sai ya sake fita waje bai san wanda zai gaskata ba.

Cikin masu zuwa ɗakin akwai wani dattijon Bafulatani, Belko, da ke zaune da garkensa a dajin Kulungugu, dab da kan iyaka. Siriri ne, ba ya son magana, Hausarsa ta kasuwa ce kawai. A daminar 1991 ciwon saifa ya ɓarke a yankin, shanu suna faɗuwa yau lafiya gobe gawa. Belko ya zo da sassafe neman rigakafi na garkensa duka. Dokta yana wani ƙauye. Sualihu ya buɗe firji, ya sa hannu, ya ji ɗumi. Lagwani ya mutu tun jiya bai ankara ba. Kwalabe kuwa ga su nan reras, ba abin da ya nuna a jikinsu, ga Belko ya riga ya kwance bakin jakarsa.

Da wani ne da ya miƙa ya karɓe, wa zai sani? In shanu sun mutu a ce ƙaddara. Sualihu dai ya rufe firji ya ce, "Baba Belko, mayar da kuɗinka. Wannan maganin ruwa ne yanzu. Ka ba ni zuwa gobe." Ya hau babur ɗin Dokta ya tafi Bolga cikin taɓo, ya samo sabo, ya cusa shi cikin ƙanƙarar da ya roƙa wurin masu kifi, ya dawo da laka har gira. Washegari shi da Dokta suka yi wa garken allura tun hantsi har la'asar. Waɗanda suka sayi nasu a faranti wurin 'yan talla a kasuwa sun yi asara mai yawa a shekarar. Belko ko maraƙi bai rasa ba.

Bayan wata biyu, ran wata kasuwa, sai ga Belko a ƙofar gidan Sualihu, ba ɗakin magani ba, gida. Yana tare da dattijai biyu, ɗaya riƙe da ƙwaryar nono, shi kuma yana jan karsana ja mai farin goshi, da igiyar da aka tuƙa da hannu. Kyakkyawa ce ta gaske, har yaran unguwa suka tsaya kallo. Suka zauna a tabarma, aka sha nono aka zagaya. Belko ya ce sunanta Wule. Ya faɗi sunan uwarta, da na uwar uwarta, da na wadda ta haifi waccan, har ya kai kan wata saniya da mahaifiyarsa ta zo da ita gidan aure. Sualihu yana ta gyaɗa kai yana cewa a ransa, ikon Allah, saniya ma da dangantaka kamar 'yar sarauta. Belko ya kafa turke da hannunsa a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ɗaure ta, ya damƙa wa Sualihu bakin igiyar ya ce, "Soobajo, Allah ya sa ta haifa maka uku." Soobajo da Fulatanci aboki ke nan, kuma tun daga ranar bai ƙara kiransa Manaja ba.

Sualihu ya ce amin, yana mamakin addu'ar. In za ka roƙa wa mutum, me zai hana ka roƙa masa goma? Uku kuma? Ya ce ƙila haka suke yi, ba sa son zaƙewa.

Ya garzaya ya gaya wa Dokta. Dokta yana wanke sirinji, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Da ƙafa ta zo?"

"Da ƙafa huɗu, Massa."

"To naka ne. Ka ga abin da nake gaya maka?"

Nan Sualihu ya ɗauka magana ta ƙare: ya yi aiki, an biya shi, kuma wannan karon an biya shi da kyau. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne halin Belko. Kowace kasuwa, wato duk bayan kwana uku, sai ya biyo ta gidan. Ya gaida mutane a taƙaice, ya wuce wurin Wule ya daɗe. Ya shafa wuyanta, ya duba kofato, ya ɗaga wutsiya, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya ajiye mata kanwa. Atikatu ta ce, "Baban Asana, wannan mutumin anya ya ba ka saniyar nan har zuci? Ni ban taɓa ganin wanda ya sayi koko ya dawo yana gaida kuɗinsa ba." Sualihu ya ce ƙila nadama yake yi. Da rani ya kama, Belko ya zo ya kwance ta ya tafi da ita ba wani dogon bayani, ya ce kwana bakwai. Sualihu ya ce shi ke nan, an karɓe albashi. Ranar ta bakwai kuwa sai ga shi ya dawo da ita ya ɗaure a turkenta, fuskarsa da murmushi, ya ce su za su gangara da garke neman ruwa, sai faɗuwar damina. Sualihu ya tsaya yana kallon bayansa, bai gane tafiyar ba, bai gane dawowar ba.

Rani ya yi tsanani. Harawa ta yi tsada, Wule kuwa ba ta san wani abu wai shi tsada ba, ci take yi. Zabin da suka shigo a watan duk a cikinta suka ƙare. Hadari ya soma haɗuwa ta gabas, Atikatu ta fito da kwanonin tarar ruwan nan uku ta jera su a gabansa. Kuma gaskiya tana da hujja, shekara huɗu tana shanya katifa duk safiya da damina. Dokta ya tafi Yendi zaman makokin wani kawunsa, kuma makokin Dagomba ba na kwana biyu ba ne. Babu wanda Sualihu zai yi shawara da shi, shi ma bai ga abin shawara ba. Kayanka ne, ka sayar ka rufe ɗakinka, ina laifi?

Ran kasuwa ya ja Wule zuwa kara. Bai daɗe ba yaron wani falke mai lodin shanu zuwa Kumasi ya taya sidi dubu saba'in, Sualihu ya sallama. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe kuɗin da aka ce nasa ne masu yawan haka ba. Daga kara bai zarce ko'ina ba sai kantin kayan gini, ya sayi kwanon rufi da ƙusa, ya kira kafinta. Da yamma yana tafe yana jin yau dai shi ma'aikaci ne. In an tambaye shi wannan watan, yana da amsa.

Washegari da hantsi yana zaune a ɗakin magani, sai ga Baba Mahama, tsohon dillalin kara, wanda ya yi shekara arba'in tsakanin Fulani. Jiya bai fito kasuwa ba saboda ciwon ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba ya ce, "Sualihu, an ce mini ka sayar da jar karsanar nan ta Belko. Ka ce mini ƙarya ne."

"Tawa ce ai, Baba. Biyana ya yi da ita."

"Biya? Da dattijai biyu ya zo?"

"Eh."

"An sha nono? Ya faɗi iyayenta? Shi ya kafa turke da hannunsa?"

"Duk an yi."

Baba Mahama ya nemi benci ya zauna, ya ce, "Innalillahi. Kai ɗan zango, rashin sani ya fi dare duhu! Wannan habbanaye ce. Ba biya ba ce, ba kuma kyauta ba ce. In Bafulatani ya ga mutum ya yarda da shi har cikin ransa, sai ya ɗaure masa saniya daga mafi daraja a garkensa. Ka riƙe ta, ka sha nono, ta haihu sau uku, 'ya'yan duk naka ne, ka kafa naka garken. Sannan ka mayar masa da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko yunwa za ta kashe ka. In shanunka suna mutuwa da ƙishirwa ita za ka fara shayarwa. Ya mayar da kai ɗan'uwansa, kai kuma ka kai ta kara!"

Sualihu ya miƙe tsaye. Ya ce, "To me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Ya faɗa maka me? In ka ba baƙo ruwa kana ce masa kada ya tafi da moɗa? Kowa ya sani. Faɗar ma zagi ne."

Motar shanun ta tashi tun jiya da yamma, ta bi hanyar gabas, ta Yendi da Salaga, za ta haye tafki da jirgin fito a Makango. Sualihu ya ruga gida. Kafinta ya riga ya yaye jinka ya buga rabin kwano, babu zancen mayarwa. Ya tsaya tsakar gida yana maimaita wa Atikatu maganar Baba Mahama a hargitse, farko a ƙarshe, ƙarshe a farko. Ni kam a nan na sara wa matar nan. Ba ta ce ai kai ka sayar ba, ba ta ce ai ni ban sani ba. Ta shiga ɗaki ta kwance kuɗin adashinta, ta cire 'yan kunnen aurenta, ta ƙulle a ɗankwali ta ce, "Tashi ka bi ta. Ni na matsa maka. In bai isa ba ka ce su riƙe babur."

Babur ɗin ma na Dokta ne, amma wa ke ta wannan. Ya hau. Ya haura dutsen Nakpanduri yana salati, ya wuce Gushegu, duk inda ya ga masu sayar da fetur a kwalba ya tambaya, a ce masa e, motar shanu ta wuce, ta daɗe. A Yendi ya sami Dokta cikin taron makoki, ana ta kiɗan gangunan luga, ya ja shi gefe. Dokta ya riƙe baki ya ce, "Habbanaye? Kai, Sualihu! Me ya hana ka gaya mini da dattijai ya zo?" Sualihu ya ce, "Massa, ƙafa kawai ka tambaye ni." Dokta ya zaro abin da ke aljihunsa ya ƙara masa. A Yendi ya kwana, da asuba ya kama hanyar Bimbilla.

Ya shiga Salaga da azahar, garin haihuwarsa, ƙura ta mayar da shi ja kamar tubali. Ya tsaya shan mai a tasha, tsofaffin abokan aikinsa suka gane shi suka yo kansa. "Manaja! Manajan Bawku! An ce yanzu da shanu ake biyanka! Nawa ne a wata?" Ya dube su kamar bai taɓa ganinsu ba, ya ta da babur. Abin da ke riƙe da zuciyarsa guda ne: jirgin fiton nan kowa yana yi masa tsiya da jinkiri, motoci kan kwana biyu uku a layi suna jira. Yana ta addu'a Allah ya sa yau ma haka.

Ina! Ranar jirgin ya tashi a kan lokaci. Da ya iso bakin ruwa a Makango, ga shi can tsakiyar tafki ya zama ɗan ƙarami, ana hango ƙahonni a saman mota. Sualihu ya sauka daga babur ya yi ta ɗaga hula yana kira, masu soya kifi suna kallonsa. Ya bar babur wurin wani mai shayi, ya shiga kwalekwale mai inji ya haye Yeji, ya tarar mota ta yi gaba. Ya shiga ta fasinja, ta lalace a hanya. Sai bayan kwana huɗu da sayar da ita ya isa karar Kumasi, yana bin mutane yana cewa ja ce, mai farin goshi. Aka tura shi wurin wannan, wannan ya tura shi wurin wancan, har ya dangana da wani mahauci da ke wanke wuƙaƙe.

Mahaucin ya ce, "Mai farin goshi? Jiya da safe aka yanka ta. Lafiyayya kuwa." Da ya ga yadda fuskar Sualihu ta koma, sai ya shiga rumfa ya lalubo igiyar ya miƙa masa, ya ce ba sai ya biya ba.

Ruwan farko ya sauka a Bawku bayan mako uku. Ɗakin Sualihu ko ɗigo bai yi ba. Ran kasuwar da ta biyo baya, da hantsi, Belko ya yi sallama, da ƙunshin kanwa a hannu. Ya dubi sabon kwano yana ƙyalli. Ya dubi turke. Ya sake duban kwano.

Sualihu ya shimfiɗa tabarma, ya durƙusa, ya faɗi komai bai rage ba. Ya ce bai sani ba, wallahi bai sani ba, ya ɗauka ladan aikinsa ne. Ya ajiye igiyar, ya ajiye ƙullin kuɗin Atikatu da na Dokta a gefenta, ya ce sauran zai cika, ko kuma a zaɓi duk karsanar da ta fi kyau a kara ya saya. Ya so a ce dattijon nan ya zage shi, ya ɗaga sanda, ya tara masa jama'a. Belko bai ko kalli kuɗin ba. Ya ɗauki igiyar yana murza ta a tafin hannu, ya daɗe. Can ya ce, "Ta sha ruwa kafin su ɗora ta a mota?"

Sualihu ya sunkuyar da kai. Bai sani ba. Yana karɓar kuɗi ya juya.

Belko ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kwana bakwai ɗin nan da na tafi da ita, wurin bijimina na kai ta. Tana da ciki. Da kaka za ta haihu." Ya miƙe ya naɗe igiyar ya sa a jaka. "Ɗan da ke cikinta shi ne na farkon. Naka ne."

Ya ajiye kanwar a gindin turke, ko mantuwa ce ko da gangan, Allah masani, ya fita. Atikatu da ke bayan ƙyaure ta fashe da kuka.

Belko bai kai ƙara wurin kowa ba, bai ɓata sunan Sualihu a kasuwa ba, bai kuma daina zuwa ɗakin magani ba, domin ya san maganin wurin mai rai ne. Abu ɗaya ne ya canja. Zuwansa na gaba ya tsaya a bakin kanta ya ce, "Sannu, Manaja. Nawa ne?" Aka faɗa masa, ya zaro kuɗi ya ƙirga daidai, ko sidi ɗaya bai rage ba, bai ƙara ba, ya karɓi maganinsa ya tafi. Ba a yi wata biyu ba duk Fulanin dajin Kulungugu suka koma haka. Babu wanda ya ce musu su yi, ko kuma an ce ɗin, mu dai ba mu ji ba. Wanda da can zai jawo ɗan tunkiya ya ce a kai wa yara, yanzu sai ya fara sayar da shi a kara, ya zo da kuɗi a aljihu. Abin da ya zo a aljihu kuwa na Dokta ne.

Tsakar gidan Sualihu ta yi tsit, sai 'yan zabin manoma jefi-jefi. Dokta Abdulai ba azzalumi ba ne, ya ga abin da ke faruwa. Ya kira shi ya ce tsohon tsari ya mutu, daga yanzu albashi zai riƙa ba shi, sidi dubu ashirin da biyar duk ƙarshen wata, a ambulan, da sa hannu, kamar na gwamnati. Ya ce, "Ai abin da ka daɗe kana so ke nan." Sualihu ya ce haka ne, Massa, na gode.

Ya ci gaba da wannan aiki har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da Dokta ya tsufa ya rufe ɗakin. Firji bai ƙara mutuwa a hannunsa ba ko sau ɗaya. Albashin ana ɗan ƙara shi, sidi yana faɗuwa, a tashi babu riba babu faɗuwa. Wani lokaci Tica Yusif kan zauna ya lissafa masa da yatsu: maraƙi uku, in biyu mata ne su ma su haihu, zuwa yanzu da garke ne. Sualihu yakan ce masa ya bari, ba shanun ne ke damunsa ba.

Ranar da ya karɓi ambulan na farko, da la'asar ya shigo gida ana yayyafi, kwano yana ta ƙara a sama. Atikatu tana tace gasarar koko, ta ɗago ta ce, "Baban Asana, nawa ne?"

Ya ce, "Dubu ashirin da biyar." Karo na farko cikin shekara huɗu da ya amsa tambayar nan ba tare da sosa ƙeya ba.

Ta ce, "Alhamdulillahi," a hankali, ta mayar da kanta kan ƙwarya. Ya ajiye mata ambulan ɗin a kan turmi bai buɗe ba, ya fita tsakar gida. Asana ta ce, "Baba, a cire turken nan mana, jiya ma na yi tuntuɓe da shi." Ya ce a bar shi. Kanwar da ke gindinsa ruwa ya riga ya narkar da ita, sai farin tabo a ƙasa, shi kuma ya tsaya a wurin har rigarsa ta jiƙe.